Babban Yatsan Likita Wessel

Kullum ƙarfe bakwai na safe, ko ana ruwa ko ana rana, tsofaffin sojoji goma sha ɗaya ke jeruwa a barandar gidanmu, kowa ya naɗe wandonsa har gwiwa. Ni ke dafa musu kofi da rogo, don haka kada wanda ya ce mini zumunci kaɗai ke kawo su. Akwai zumuncin, ban musa ba, amma Kofur Sadiman in ya jiyo ƙamshin rogo da sukarin kwakwa, har ɗingishinsa mantawa yake yi.

Sunana Ngatirah. Shekara ashirin da biyu na yi tare da Tobias Wessel, likitan sojan Holan, kuma ba a taɓa rubuta sunana kusa da nasa a wata takarda ba. Nyai ake ce wa irinmu, wato 'yar ƙasa da ke riƙe wa Bature gida. Ta dafa, ta wanke, ta yi jinya, ta kwana inda ya kwana, amma ranar da maganar hukuma ta taso sai a ce ai mai aiki ce. Abin bai taɓa damuna ba sai shekarar da zan ba ku labarinta. A lokacin muna zaune a wani ƙauye sama da Salatiga, a gindin dutsen Merbabu, inda sanyin safe ke sa tsofaffi tari.

Ga yadda safiyarmu take. Saje Yakobus, mutumin Ambon, wanda shi ya naɗa kansa shugaban layi ba wanda ya roƙe shi, zai daka tsawa, "A kame!" Sai Tuan ya fito, don haka nake kiran maigidan, cikin farar rigarsa ta aiki, ya ɓalla maɓallanta har wuya, da ɗan littafi a hannu. Ya zauna a gajeriyar kujera, mutum ya miƙo ƙafa, ya danna babban yatsansa a kan ƙwauri, ya ƙirga biyar a hankali, ya ɗaga.

"Ya lotsa," zai ce. "Kumburi ne. A sa shi a jirgi."

Sai ya rubuta 'yar takarda ya yage ya miƙa, mutumin ya sara masa, na baya ya matso. Duk su goma sha ɗayan haka, kowace safiya, kuma babu mai kumburi ko ɗaya a cikinsu. Ƙafar Sadiman ma busasshiya ce kamar itacen girki, ko guduma ka sa ba za ta lotsa ba. In an gama sai su zagayo bayan gida su ci rogo, su naɗe taba da takardun, su yi ta ƙaryar yaƙi.

"Yau ma an sallame ni," in ji Sadiman, baki cike. "Sau dubu da wani abu ke nan ana sa ni a jirgi, har yau ban ga teku ba."

"Kai da ko a Aceh a bayan tukunya ka yi yaƙinka," in ji Yakobus.

"Tukunyar ce ta riƙe ku, Saje. Ba don ni ba, da harsashi za ka tauna?"

Na san inda abin ya samo asali, don ina wurin. Lokacin da aka tura rundunarsa yaƙin Aceh na bi shi a jirgin ruwa, kamar yadda matan bariki da yawa suka bi nasu. Shekara shida muka yi. Na ga ya yanke ƙafar mutum a kan wata ƙofa da aka cire aka kwantar, ana harbi a waje, hannunsa ko rawa bai yi ba. Ba harsashi ko takobi ne suka ci shi ba. Ciwon kumburi ne, wanda ya kashe sojoji fiye da yadda mutanen Aceh suka kashe. Mutum zai ji ƙafafunsa sun yi nauyi, su kumbura, numfashi ya gagara, shi ke nan.

Dokar soja a kan ciwon ɗaya ce. Likita ya danna ƙwauri. In gurbin yatsa ya zauna, a sa mutum a jirgi a kai shi kan tudu inda iska ke da sanyi, kuma kada a sake motsa shi sai ya warke. In fata ta dawo yadda take, ya ɗauki bindigarsa ya koma. To, wa ke son komawa? Sojoji suka koyi ɗaure igiya a ƙarƙashin gwiwa su kwana da ita, da safe ƙafa ta yi suntum. Wasu likitocin sukan yi kamar ba su ga sawun igiyar ba. Ban da Tuan. Shi sai ya ɗaga wandon sama, ya shafa sawun, ya ce, "Koma." Manya suka yi ta yabonsa, wai ba a taɓa yi masa wayo ba. Shi kuwa ba mugunta ba ce, mutum ne da ko a wasan karta bai iya ƙarya ba.

Abin da ba a sani ba a lokacin, ko aka sani aka yi shiru, ciwon yana da wani iri da ba ya kumbura ƙafa, zuciya yake kamawa kai tsaye. Akwai wani soja, Legimin, magidanci mai 'ya'ya uku, da ya zo layi kwana uku a jere yana cewa ƙirjinsa. Sau uku Tuan ya danna, sau uku fata ta dawo. A rana ta uku Legimin ya sara, ya juya, bai kai ƙofar sansani ba ya faɗi. Bayan shi an yi wasu, da yawa. Tuan bai yi kuka ba, bai faɗa wa giya kamar sauran ba, aikinsa ya ci gaba da yi har shekara biyu. Sai dai na fara lura yana danna yatsa a kan burodi, a kan matashin kai, a kan gwanda a kasuwa, yana ƙirga biyar. Da ya fara tare mutane a hanya yana cewa su naɗe wando, soja suka maƙala masa lambar yabo suka sallame shi.

Shekararmu ta farko a ƙauyen ba na son tunawa da ita. Da gari ya waye zai fita bakin hanya ya tsare masu keken shanu, in sun ƙi tsayawa ya bi su da gudu, ni kuma in bi shi. Sai wata rana Yakobus ya zo, ya tsaya a ƙofar ɗakin girki yana murza hularsa.

"Nyai," ya ce, "mutumin nan ya ciro mini harsashi daga nan." Ya nuna kafaɗarsa. "Layi yake nema. To mu ba shi layi mana. Me muke yi da safe in ban da tari?"

Tun daga ranar muka samu lafiya. In ya gama sallamar mutanensa duka zuwa jirgi, sai ka ga kafaɗunsa sun sauko. Ya cire farar riga, ya shiga lambunsa na kabeji, ya yi ta faɗa da tsutsotsi da Holanci, ya dawo ya ce miyata ta cika barkono alhali ya suɗe kwano. Wani lokaci ya manta watan da muke ciki, wani lokaci ya tambaye ni ko jirgin wasiƙa ya iso daga Padang, kamar har yanzu muna Aceh. Amma ni bai taɓa manta ni ba. "Tirah," zai ce, "a duk rundunar nan ke kaɗai ce ba kya jin umarni." Shekara huɗu muka yi haka, kuma in gaya muku gaskiya sun fi mini shekarun da yake da cikakken hankalinsa daɗi. A Aceh mutum ne mai ɗaurarriyar fuska. A nan na fara jin dariyarsa.

Matar manajan wata gonar kofi ce ta jawo mana. Wata Lahadi na raka shi coci cikin gari, na tsaya a waje ƙarƙashin bishiya kamar kullum. Ana fitowa sai idonsa ya faɗa kan idon sawun matar nan, mace mai jiki, tana sauka daga matakala da ƙyar. Kafin in ƙarasa ya durƙusa a gabanta, ya ɗan ɗaga bakin rigarta, ya danna. Ta ƙwala ihu har dawaki suka firgita. Shi kuwa sai da ya gama ƙirga biyar ɗinsa tsaf, sannan ya ɗago ya gaya mata cikin ladabi ta shirya kayanta, jirgi na jira. Kuma wallahi ya lotsa, ko ta cikin safa na gani da idona, amma wa zai tambaye ni?

Bayan mako biyu takarda ta zo. Yakobus ya karanta mini, yana bin rubutun da yatsa. Ranar Alhamis wani babban likitan soja, Manjo Harmsen, zai zo ya duba Tuan. In ya ga hankalinsa ya gushe, za a kai shi gidan masu taɓin hankali can yamma, tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa, daga nan wataƙila a wuce da shi Holan.

"Ni fa?" na ce.

Yakobus ya juya takardar, ya duba bayanta, ya sake juyo ta. "Ba a ambace ki ba, Nyai."

Na ji tsoron da ban taɓa ji ba ko a Aceh. A can wa zai miƙo masa ƙafa? Ranar farko da ya durƙusa a gaban wani za su ɗaure shi a gado, kuma ni ko ƙofar gidan ba za a bar ni in leƙa ba.

Mu nan haka aka rene mu, in babban baƙo zai zo a share tsakar gida, a kai fasassun tukwane bayan ɗaki, a ɓoye duk abin da zai sa a ji kunya. Da wannan hankalin na yi aiki. Ranar Laraba, suna cikin cin rogo, na zo na tsaya a kansu.

"Gobe kada in ga ƙeyar kowa a nan."

Sadiman ya tsaya da tauna. "Har rogon?"

"Har rogon, Kofur Sadiman. Manjo ya zo ya tarar da tsofaffi goma sha ɗaya ƙafafu a waje, ana zuba su a jirgin da babu shi? Ai ko ni ce cewa zan yi mahaukaci ne, in haɗa da ku."

"Nyai, ki sake tunani," in ji Yakobus. "Shekara huɗu ba a taɓa fashi ba. Ranar da aka binne matata ma sai da na zo layi tukuna."

"Kwana ɗaya ne. Zan ce masa hutu ne."

"Ai soja ba ya..."

"Saje, a bariki kai ne saje, a gidan nan ni ce. Kwana ɗaya na ce."

Ya dube ni, ya dubi sauran, ya ɗaga kafaɗa. Ba a cika yin musu da ni ba in na ɗaure fuska, shi ya sa gaskiya ba ta cika riskata da wuri ba.

Manjo Harmsen ya iso da sassafe a keken doki, ƙarfe shida da rabi. Dogo ne siriri, gashinsa ya fara fari, fuskarsa ta yi rawaya-rawaya irin ta wanda zazzaɓi ya daɗe yana wasa da shi. Na riga na yi wa Tuan aski, na goge masa riga, na shimfiɗa farin ƙyallen tebur da muke ajiya. Suka zauna shan kofi. Holanci suke yi, amma shekara ashirin ina jinsa, ko ban iya mayarwa ba ina ganewa. Tuan ya yi maganar kabeji, ya yi maganar damina, ya tambayi wasu likitoci da sunayensu. Manjo ya ce shi ma ya yi Aceh bayan tafiyarmu, kuma ya tarar ana ba sababbin likitoci labarin yatsan Wessel. Ina bayan ƙofa ina murna, har na fara yabon dabarata.

Sai agogon bango ya buga bakwai.

Tuan ya ajiye kofinsa, ya roƙi baƙo ya yi masa uzuri, aiki ya kira. Ya ɗauki littafinsa ya fita baranda, na bi shi da sauri. Baranda wayam, na share ta har tana ƙyalli. Ya dubi dama, ya dubi hagu.

"Tirah, ina mutanen?"

"Hutu ne yau, Tuan. Zo ka ƙarasa kofinka."

"Ba a hutu a layin marasa lafiya." Ya leƙa hanya. "Ina Saje? Jiya goma sha ɗaya ne."

"Suna nan, lafiyarsu ƙalau."

"In lafiyarsu ƙalau, to na mayar da su ke nan." Muryarsa ta sirance, ta koma wadda ban ji ba shekara huɗu. "Na mayar da su. Duka? Tirah, duka na mayar?"

Na kama hannunsa, ya fizge. Ya fara kiran sunaye, ba na tsofaffinmu ba, na waɗancan. Legimin, da wani Sarpin, da wani Bature Klaas, da wasu da ban taɓa ji ba, a jere kamar mai karanta takarda. Ya koma ciki ya fizgo ƙyallen tebur, kofuna suka tarwatse, ya sa haƙori ya fara yayyaga shi dogaye-dogaye irin na ɗaure rauni, yana ihu a je a ɗauko su, suna kwance a ƙofar sansani. Manjo na zaune yana kallo. Ya ja kujerarsa baya kaɗan, ya zaro takarda daga jaka, ya fara rubutu.

Ganin alƙalamin nan yana tafiya shi ya dawo da ni hayyacina. Ni na yi wannan da hannuna, ba matar manaja ba. Na tattare zanina na zura da gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa. Gidajen tsofaffin a warwatse suke, kafin in bi su ɗaya-ɗaya Manjo ya cika takardarsa. A mararraba akwai rumfar masu gadi, da gangar itace a rataye wadda ake bugawa a tara mutane. Kowane kira da irin bugunsa, na sata daban, na mutuwa daban, na taro daban, kuma na san su sarai. Amma ranar bugu ɗaya kawai hannuna ya tuna, na gobara.

Kafin in koma gida ƙauye ya taso. Maza da bokitai, mata da tuluna, wani da tsani a kafaɗa, mai gari ko ƙyallen kansa bai ɗaura ba. Suka cika tsakar gida suna neman hayaƙi. Yakobus ya iso da kumfar aski a rabin fuska. Ya dube ni, ya dubi Tuan da ke durƙushe a baranda cikin yagaggun tsummoki, bai tambayi komai ba.

"A kame!" ya daka. "A ajiye bokiti! Layi ɗaya! A ɗage zani zuwa gwiwa!"

"Ina wutar?" in ji mai gari.

"Shiga layi tukuna, Pak Lurah. In an gama Nyai za ta nuna maka."

Duk ƙauyen sun san layin safe, ko da ba su taɓa shigarsa ba. Suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa, amma suka jeru, har da tsohuwa mai sayar da ganye a kasuwa. Sadiman ya kutsa ya tsaya a gaba, wai shi ne mai tsohon ciwo. Yakobus ya hau baranda ya sara.

"Marasa lafiya sun hallara, Tuan Likita. An yi latti, laifina ne."

Tuan ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallon layin, leɓunansa na motsi. Sannan ya miƙe, ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya gyara maɓallin wuyansa.

"Kada a sake, Saje."

Na tura masa gajeriyar kujerarsa, ya zauna. Ya fara dannawa, mutum bayan mutum. Sa'a ɗaya da rabi aka yi. Kowa ya lotsa, kowa jirgi. Takardun littafin suka ƙare, na yayyaga masa tsohuwar jarida. Tsohuwa mai ganye ta karɓi tata ta ce ita ba ta taɓa shiga jirgi ba, a ina ake hawa, ya ce za a sanar da ita. Ni kuma na shige ɗakin girki na ɗora duk rogon da ke gidan, har da na maƙwabta, ina hura wuta ina share hawaye ina zagin kaina.

A bakin murhu Manjo ya same ni. Da Malayancin bariki ya yi mini magana.

"Nyai, kullum ake wannan?"

"Kullum, Tuan Manjo, amma mutum goma sha ɗaya ne. Yau ne na hana, don kada ka gani."

"Don kada in gani." Ya waiga ya dubi tsakar gida, bokitai ko'ina, ya ɗan murmusa. "Wa ya sa su?"

"Ba wanda ya sa su. Wasu ya yi musu aiki a Aceh, wasu rogo ke kawo su."

"In an gama fa?"

"In an gama sai ya shiga kabejinsa. Ko ƙuda ba ya taɓawa."

Ya nuna mini takardarsa. "Abin da na gani ƙarfe bakwai na gani, Nyai, kuma na riga na rubuta. Tambaya ɗaya aka aiko ni da ita, ko hankalinsa daidai yake. Ba daidai yake ba."

Na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa Bature ba, har shi Tuan ɗin. Na ce, "Inda za ku kai shi, mutum nawa ke kula da su?"

"Biyu, ga mutum arba'in."

"Nan arba'in ne ga mutum ɗaya, Tuan Manjo. Ka gani da idonka."

"Tashi, Nyai," ya ce. "Ban gama dubawa ba."

Lokacin mutane sun koma bayan gida wajen rogo, saura Yakobus a baranda. Tuan yana zaune a gajiye yana goge yatsansa da tsumma. Manjo ya tsaya a gabansa.

"Abokin aiki, saura mutum ɗaya. Likita ma ana duba shi. Naɗe wandonka."

Tuan ya yi dariya, ya tashi ya ba shi kujerar, ya naɗe wando ya miƙa ƙafa kamar kowa. Ƙafar fara sol, siririya, ta tsoho. Manjo ya danna babban yatsansa a kan ƙwauri, ya ƙirga biyar da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya ɗaga. Ina tsaye dab da su. Fatar ta dawo nan take, sumul.

"Ya lotsa," in ji Manjo.

Tuan ya sunkuya ya duba, ya shafa wurin. Idonsa a lokacin garau yake, irin na da.

"Bai lotsa ba."

"Ni ke dubawa yau. Ya lotsa, sosai ma. Saje, zo ka gani."

Yakobus ya matso ya leƙa, da busasshiyar kumfa a kumatu. "Kai! Rami guda, Tuan Manjo. Har kaza ta sha ruwa a ciki."

Manjo ya ninke takardarsa ta farko ya tura cikin aljihu, ya zaro sabuwa ya ɗora a gwiwa.

"Doka ba ta sauya ba," ya ce yana rubutu. "Mai kumburi a kai shi kan tudu mai sanyi, kada a motsa shi sai ya warke. To ga shi a kan tudu. Kwana biyu a jirgin ƙasa zai iya tsayar masa da zuciya, ni ba zan sa hannu a kan haka ba. Maganar hankali sai ƙafa ta warke." Ya ɗago ya dube ni. "Irin wannan ba ya saurin warkewa, Nyai. A ci gaba da abin da ake ba shi, ƙarfe bakwai, kuma kada a sake fashi."

Na ce to. Na ƙulle masa kabeji biyu a ganyen ayaba, ya karɓa ya hau kekensa. Mai gari ya tsare ni a ƙofa ya yi mini faɗan gangar, na saurara har ya gaji, na cika masa hannu da rogo.

Da rana ta yi sanyi na nemi Tuan a lambu ban gan shi ba. Yana baranda a kan gajeriyar kujera, wandon har yanzu a naɗe, yana danna ƙwaurinsa. Na ajiye masa shayi.

"Tirah."

"Na'am, Tuan."

"Likitan nan ƙarya ya yi. A gaban Saje, kuma a takardar hukuma."

Na san halinsa, zai iya zama ya rubuta wasiƙa ya kai ƙarar mutumin da ya cece shi. Na ce, "To me za ka yi?"

Ya sake dannawa, ya ƙirga biyar, ya ɗaga, fata ta dawo.

"Ashe ba wuya," ya ce a hankali. "Shekara shida, Tirah, ban iya yi wa ko mutum ɗaya ba."

Tausayinsa ya cika ni. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na ce, "Yau ka yi wa arba'in da uku, Tuan. Na ƙirga."

Ya dube ni. "Duk sun tafi gida?"

"Duk sun tafi."

"Ni fa?"

"Kai ma an sallame ka. Nan za ka zauna."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki shayinsa, ya bar ni na sauke masa wandon.